Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Sabbin Ma'aikatan Jinya

'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Shugaba da sauran 'yan kwamiti sun ɗora mini rubuta wannan rahoto a matsayina na sakatariya. Zan fara da tambayar da kusan duk wanda ya shigo cikinmu yake yi tun ranar farko: an ce duniya na fama da ƙarancin nas, to me ya sa nake zaune a gida, lasisi na cikin jaka?

A kan wannan tambaya muka yi babban zamanmu na bana. Ranar 12 ga Mayu, ranar haihuwar Florence Nightingale da ake bikin ma'aikatan jinya a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon rahotonta kan halin da aikinmu yake ciki, mu kuma muka karanta shi tare. Yawan ma'aikatan jinya ya tashi daga miliyan 27.9 a 2018 zuwa miliyan 29.8 a 2023, amma duk da haka a 2023 akwai giɓin miliyan 5.8, wanda ake sa ran zai sauka zuwa miliyan 4.1 nan da 2030. Kusan kashi 78 cikin ɗari na nas-nas suna ƙasashen da mutanensu ba su kai rabin al'ummar duniya ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne, a ƙasashe da dama makarantu na yaye ɗalibai fiye da yadda ake buɗe guraben aiki. Marasa lafiya na buƙatarmu, asibiti na buƙatarmu, amma idan ba a ware kuɗin albashi ba, babu takardar ɗauka. Ko a Ingila, inda da yawanmu ke hange, sabbin nas-nas sun yi ta kokawa da rashin gurbi bana, har gwamnati ta fito da shiri na musamman dominsu a watan Agusta. Na kawo wannan ne don wanda ya kwana yana zargin kansa ya sassauta.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne gwajin intabiyu, kuma a ganina shi ya fi amfani. Mun gayyato wata babbar nas da ta yi ritaya, wadda duk muke kira Mama, ta zauna a matsayin mai ɗauka. Wata ƙanwarmu da ta fita da sakamako mai kyau ta shigo da murmushi, ta amsa tambayoyin littafi tiryan-tiryan. Sai Mama ta tura mata takarda da biro: an rubuta wa mara lafiya ƙarin ruwa lita ɗaya cikin awa 8, robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita, ɗigo nawa za ki saita a minti? Baiwar Allah ta riƙe biron, hannunta na rawa, ɗaki ya yi tsit. Lissafi ne da ta sani sarai: mililita 1000 (lita ɗaya) sau 20, a raba da minti 480 (awa 8), ya ba da kusan ɗigo 42. Tsoro ne ya kwashe shi. Mama ba ta yi mata faɗa ba, ta sa ta maimaita irinsa sau uku har ta daina duban fuskar mutane. Daga ranar muka mayar da lissafin magani da na ƙarin ruwa abin buɗe kowane zama, tare da yadda ake miƙa bayanin mara lafiya idan an zo canjin aiki.

Mun kuma duba takardun neman aiki na mambobi ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren kusan iri ɗaya ne. Mutum ya cika shafi da makarantun da ya yi tun firamare, ya bar watannin da ya yi a ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata da sashen gaggawa lokacin yana ɗalibi, alhali nan ne mai ɗauka yake fara kai ido. Tunda kowace sanarwa sai ta nemi gogewar shekara ɗaya ko biyu, wadda sabon nas ba shi da inda zai samo ta, ɗan abin da ke hannu bai kamata a ɓoye shi ba.

Wannan ne ya kai mu ga muhawarar aikin sa-kai, wadda har yau ba mu sasanta ba. Wasu na cewa zaman gida yana sa hannu ya manta jijiya, gara a shiga ko ba a biya. Wasu na cewa muddin ana samun mai yi kyauta, babu dalilin da za a buɗe gurbi. Ni dai na ga wadda ta shekara tana aikin dare ba ko kuɗin mota, da gurbi ya fito aka bai wa wani. Matsayar kwamiti ita ce, wanda zai yi ya nemi takarda tun farko mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa, da alkawarin shaida a rubuce.

Batun fita waje ya ja jama'a fiye da kowane zama, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda nas ɗaya cikin bakwai a duniya yana aiki ne a ƙasar da ba a nan aka haife shi ba. Mun bayyana hanyoyin dalla-dalla. Amurka da Kanada na neman jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin aikin jinya. Birtaniya na neman jarrabawar kwamfuta da ta aiki da hannu, bayan shaidar Turanci ta IELTS ko OET. Jamus na neman harshen Jamusanci, galibi matakin ƙwarewar harshe da ake kira B2. Mun kuma tunatar da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 55 a 2023 da ta nemi kada a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, ko da yake hakan bai hana mutum neman aiki da kansa ba. Sannan tun watan Yulin bana Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, don haka duk dillalin da ya ce zai shigar da ke ta wannan ƙofa, ki riƙe kuɗinki. Wani ɗan'uwanmu ya tashi gaban jama'a ya ba da labarin yadda ya biya wani, aka turo masa takardar ɗauka mai tambari, daga nan lamba ta daina shiga. Mun gode masa, ba kowa ke iya faɗa ba.

Inda muka gaza shi ne haɗa sababbi da manya masu ja musu gora. An rubuta sunaye, an yi ta alkawari, amma aikin dare da nisa suka cinye shirin, kuma laifin bibiya nawa ne. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta shi da kansa a babban taro.

A shekara mai zuwa kwamiti na son karkata ga fannonin da ba a cika rububinsu ba: wankin ƙoda, sashen kulawa ta musamman, lafiyar ƙwaƙwalwa, jinya a gida, da asibitocin karkara da ke neman hannu ruwa a jallo. Za mu kuma nemi mai koyar da farfaɗo da zuciya da numfashi wanda ake karɓar takardarsa. Duk wanda ya samu aiki bana, don Allah ya sanar da ni kafin taro, ya kuma zo da tambayoyin da aka yi masa a intabiyu, Mama ta ce da su za ta buɗe zaman farko.