Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan gwajin taki da hatsi

Maraɗi

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Muna fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Innarki ta ce malamin kimiyya ya ba ku aikin gwaji, ke kuma kin zaɓi ki gano ko takin dabbobi ko takin zamani ne ya fi sa hatsi girma. Zaɓi ne mai kyau, amma ki sani tun yanzu: taki kaɗai ya kamata ya bambanta tukwanenki, sauran komai iri ɗaya. In kin bari ruwa ko rana sun bambanta, ba za ki san wanda ya yi aikin ba.

Ki ɗebo ƙasa wuri guda, ki tankaɗe, ki cuɗanya sosai, sannan ki raba. Ƙasar jigawa da ta bakin Gulbi ba ɗaya ba ce, ta gulbi ta fi riƙe ruwa. Ki nemi ledar renon itatuwa 15 masu girma ɗaya, ki huda gindinsu. Biyar takin dabbobi, biyar takin zamani na NPK 15-15-15, biyar kuma ba komai. Waɗannan biyar na ƙarshe su ne shaidarki, da su za ki auna sauran. Kada ki ji tausayinsu ki ɗan barbaɗa musu wani abu. Leda biyar-biyar ɗin ma da dalili: tsiro ɗaya na iya mutuwa saboda gara ko ruɓaɓɓen iri, ki ɗora wa taki laifin da ba nasa ba.

Iri ya fito daga buhu ɗaya. In kin samu irin hatsin da ake kira HKP, wanda aka sani a tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi, ya fi na kasuwa da ake gaurayawa. Ki fara naɗe ƙwaya 20 cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 3 ko 4 ki ƙirga waɗanda suka tsira. Kowace leda ƙwaya 5, zurfin santimita 2, bayan mako biyu ki cire ki bar 2.

Wajen taki ne aka fi yin ɓarna. A gona ana sa gram 6 na NPK a rami, kusan cikin marfin kwalbar lemo, amma leda ƙarama ce, gram 2 ya isa. Ki binne shi gefe, kada ya taɓa iri, don gishiri ne, yana janye ruwa daga saiwa har ta ƙone. Takin dabbobi kuwa sai wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanye yana da zafi, ga irin ciyawa a ciki. Ki auna shi a sikeli, ba da hannu ba.

Ruwa da kofi ɗaya, lokaci ɗaya, da safe. Ki sa wa ledojin lamba, ki jefa ƙuri'a wajen jera su, duk mako ki sauya musu wuri, domin wadda ke jikin katanga tana shan inuwa. Ki killace su saboda awaki da kaji.

Duk Asabar ki auna tsawo daga ƙasa zuwa ƙarshen ganye mafi tsawo, ki rubuta nan take. Na fi so ƙawarki da ba ta san me ke cikin kowace leda ba ta yi awon, don ido yana karkata ga abin da zuciya ke so. Ki tara tsawon kowane rukuni ki raba da yawan tsirran, ki fitar da matsakaici. Wanda ya mutu ki rubuta ya mutu, kada ki sake shuka a ɓoye.

A rahotonki ki faɗi tsawon da kika auna kawai. Dogon kara bai nuna yawan zangarniya ba, kuma mako shida a leda ba damina ba ce.

Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Babanki