Jinyar Yara Kyauta Ce, Amma Ina Maganin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe kusan mutum 600,000 a shekarar 2023, akasarinsu yara ƙanana a Afirka. Mun yi murna da hukumar ta amince da allurar rigakafinsa a 2021, sai ga Amurka ta datse tallafin lafiya a 2025.

A nan Maradi, tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma da damina, lokacin da tamowa ke haɗuwa da masassara, sau da yawa uwa takan bar asibiti da takardar sayen magani, alhali rumbu ya ƙare. Ina roƙon hukumomi su biya asibitoci kuɗin wannan jinya kafin ruwan Agusta.

Mai karanta jaridarku,
daga Maradi