Godiya ga ma'aikatan sashen taimakon masu bincike na ɗakin karatun jami'armu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, ranar Talatar da ta wuce na kare kundin digirina, kuma na ga bai kamata in tattara kayana in bar makaranta ba tare da na gode muku a bainar jama'a ba. Yabon gwani ya zama dole.

Sai an san yadda na zo wurinku za a gane abin da kuka yi mini. Aikina a kan adashin mata 'yan kasuwa ne. A zangon farko na kai wa malamin da ke duba ni babi na biyu, wato bitar ayyukan magabata, shafi 18, ina ta jin kaina. Bayan mako biyu ya maido mini da shi ja-wur da jan biro, a ƙasan shafin ƙarshe ya rubuta tambaya guda: kai kuma me ka ce? Da gaskiyarsa. Jera maganganun mutane kawai na yi kamar kashin tumatir a kasuwa, wane ya ce, wance ta ce, babu zaren da ya ɗinke su.

Mun yi darasin Turanci na GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, a aji ɗaya, mu ɗaruruwa a ɗakin lacca guda, muka ci jarrabawa muka wuce. Amma cin jarrabawa daban, zama ka rubuta babi biyar daban. Wani abokina ya ba ni shawara in je shagunan kwamfuta na bakin ƙofa in sayi wanda aka gama. Ban je ba, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba, kuɗin ne babu. Sanarwar horon da kuke yi kyauta ranar Asabar ita ta fisshe ni.

Hajiya, ba zan manta zamanmu na farko ba. Kika ba ni wata maƙala na karanta, sannan kika kifa ta a kan tebur, kika ɗora hannu a kai, kika ce, “To ɗana, faɗa mini da Hausa abin da mutumin nan yake nufi.” Na yi ta in-ina, gumi na keto mini. Ashe watanni na yi ina kwafar abin da ban fahimta ba. Sai da na iya faɗa da bakina kika miƙo mini biro, kika ce yanzu in rubuta da Turanci, in sa sunansa da shekara a gefe. Daga nan kika tambaye ni ko matan da na zanta da su a kasuwa za su yarda da maganarsa. Ba za su yarda ba, domin shi yana ganin rashin banki ne ke sa a yi adashi, alhali da yawansu suna da asusu, amanar uwar adashi ce ke riƙe da su. Wannan saɓanin shi ya zama ƙashin bayan kundina.

A wurinku na ji cewa sauya kalma biyu-uku a jimlar wani bai fitar da mutum daga satar fasaha ba, kuma adadin da Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutunka da na wasu, ke fitarwa kamanni yake nunawa, ba hukunci ba ne. Malam mai kula da ɗakin kwamfuta kuma ya sa mana Zotero, manhajar tsara manazarta wadda ba a biyan ko sisi, ya nuna mana tsarin rubuta manazarta na APA bugu na 7 da ya fito a 2019, inda aka daina rubuta garin da aka buga littafi. Da na danna maɓalli manazartata suka jeru da kansu, har dariya na yi, tuna dararen da na ɓata ina gyaran waƙafi da aya.

Roƙona ɗaya ga hukumar makaranta: a ƙara muku kujeru, a kuma fara turo ɗalibai tun daga aji biyu. Yawancinmu sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada muka zo. Ƙanwata tana aji biyu yanzu, na riga na ce mata ta same ku Asabar mai zuwa da littafinta da biro.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifa, Ya raya zuri'a.

Naku,
Ɗalibinku na sashen nazarin tattalin arziki