Saura mako biyu gudun fanfalaki

Ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Saura mako biyu, don haka daga yau a sassauta atisaye. Ƙarfin da zai kai ku ƙarshen kilomita 42.195 kun riga kun tara shi, yanzu ƙafa hutu take buƙata. Na san akwai waɗanda hankalinsu ba zai kwanta ba sai sun ƙara dogon gudu ɗaya. Don Allah a haƙura.

Kada kowa ya sa sabon takalmi ranar. Na taɓa yi, kafin in kai rabin hanya diddigena ya yi bororo ya fashe, safa ta manne da jini. Abinci ma a ci wanda ciki ya saba da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne farkon gudun. Dubban mutane, ga kiɗa ga ihun ƴan kallo, sai ka ji jiki kamar ba nauyi ka zura a guje. A wajen kilomita 30 makamashin da tsoka ta ajiye kan fara ƙarewa, wanda ya yi gaggawa tun farko, a nan ƙafarsa ke ƙin ɗaguwa. A fara a hankali, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya ya nemi ma'aikatan lafiya nan take.

Ana rufe tituna tun da asuba, a fito da wuri. A maƙala lambar shiga gudun a riga tun daren jajibiri. Wanda bai karɓi tasa ba ya yi magana a nan.