Ku kawo mana tarihin Peter Drucker a filin kasuwanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi kan filinku na kasuwanci. Kusan duk baƙon da kuka gayyato da sunan masanin harkar gudanarwa, bakinsu ɗaya ne: ka sa buri, ka dage, arziki na tafe. Zance ne mai daɗin ji, amma ba ya gyara shago. Shi ya sa nake roƙon ku ware mako guda ku ba mu tarihin Peter Drucker, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban ilimin gudanarwa na zamani.

An haife shi a Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1909. Ya yi aikin jarida a Frankfurt, a can kuma ya samu digirin digirgir a fannin shari'a a 1931. Da 'yan Nazi suka karɓi mulkin Jamus a 1933 sai ya tattara ya koma Ingila, daga nan ya wuce Amurka a 1937. Bai taɓa riƙe wani babban kamfani ba. Jarinsa ido ne da kunne da iya tambaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta kaya tsakaninsa da General Motors, kamfanin ƙera motoci na Amurka. A 1943 kamfanin ya buɗe masa ƙofa, ya zauna a tarukan manya, ya zaga masana'antu, ya zanta da ma'aikata. A 1946 ya fitar da littafin Concept of the Corporation. Ya yaba yadda aka sakar wa kowane sashe mara ya tafiyar da harkarsa, amma bai tsaya nan ba. Ya ce tsarin da ya shekara ashirin yana aiki ya isa a sake duba shi, kuma a daina kallon ma'aikaci kamar wani ƙarfen inji, a ɗora masa alhaki a ji ta bakinsa. Ran shugaban kamfanin, Alfred Sloan, bai so ba, har ya riƙa yi kamar ba a taɓa rubuta littafin ba. Su kuwa Ford da kamfanonin Japan suka rungumi darasin. Cikin masu ba da shawarar da muke ji yau, wa zai iya faɗa wa mai biyansa abin da ba ya son ji?

Haka Drucker ya yi wa Jack Welch lokacin da Welch ya hau kujerar shugabancin kamfanin General Electric na Amurka a 1981. Tambaya ya jefa masa: da a ce ba ka cikin wannan harkar, yau za ka shige ta? In a'a ne, me za ka yi a kai? Daga nan Welch ya shiga sayar da sassan da ba sa sahun farko ko na biyu a kasuwa. Mai kanti da ya cika kanta da kayan da suka shekara suna shan ƙura, don kawai mahaifinsa ma su ya sayar, wannan tambayar ta shafe shi.

Ba ina cewa komai nasa daidai ne ba. Tsarinsa na gudanarwa ta hanyar sa manufofi, wanda ya bayyana a 1954, ya zama cike-ciken takardu a ofisoshi da yawa, har W. Edwards Deming, masanin inganta aikin masana'antu, ya soke shi. Amma Drucker ne kuma ya ce bai kamata albashin shugaban kamfani ya ninka na ma'aikaci fiye da sau 20 ba, maganar da attajiran Amurka suka yi wa kunnen uwar shegu. Ya ci gaba da koyarwa a Claremont ta jihar Kalifoniya har ya haura shekara 90, ya rasu a 2005.

In za ku yi shirin, don Allah ku nemo malamin da ya karanta shi da gaske, ku kuma buɗe layin waya ga ƙananan 'yan kasuwa.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum,
daga Zariya