Sunan Jariri Daga Fim: A Bincika Kafin A Raɗa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda wasu iyaye ke ɗauko sunayen 'ya'yansu mata daga finafinai da waƙoƙi, al'amarin da ya daɗe yana damuna.

Ban ga laifi ba idan sunan jaruma ya burge uwa ko uba, amma labarin da bai kai ƙarshe ba yana iya juyawa ta inda ba a zata ba. A Amurka, a shekarar 2018 kaɗai, an sa wa jarirai mata fiye da 500 suna Khaleesi, wanda laƙabi ne na matar sarki a wani ƙirƙirarren harshe na shirin Game of Thrones. Da shirin ya zo ƙarshe a 2019, jarumar da ake kira da wannan laƙabi ta ƙone gari guda da mutanensa, alhali yaran nan sun riga sun ɗauki sunan.

Ni kaina na ga irin wannan a kusa. 'Yar ƙanwata, mai shekara 9, ta tambayi mahaifiyarta ma'anar sunanta saboda an ba su aiki a makaranta, uwar ta yi shiru, domin ko labarin fim ɗin ta manta. Yarinyar ta tsaya riƙe da fensir, takardarta fara fat.

Ina fatan jaridarka za ta ware shafi da masana harshe za su riƙa bayyana asalin irin waɗannan sunaye da ma'anarsu.

Naka,
Mai karatu a kullum