Koken Mazauna Unguwa Kan Hauhawar Ƙarfin Wutar Lantarki a Agege

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka, 'yan kasuwa, teloli da masu sayar da ƙanƙara, muna gaisuwa cikin ladabi.

Ranka ya daɗe, ranar Alhamis bayan azahar wuta ta hau da wani irin ƙarfi a layinmu. Kafin a kai hannu a kashe, firizoji sun ƙone, injunan ɗinki sun yi hayaƙi, har amfilifayar masallaci ta tafi. Ƙarfin wutar gida a ƙa'ida volt 230 ne. Mai gyaran wutarmu ya ce idan wayar nutural, wato wayar da ke daidaita ƙarfin wutar, ta tsinke, ko ɓarayi suka yanke ta a jikin taransifoma, wasu gidajen sai su sha kusan 400. Wane firiji ne zai ɗauka?

Da magariba kuma sai ta koma ja, fanka ba ta juyawa, sitabilaiza na ta ƙara. Waɗanda suka ci bashi suka sa sola ma ba su tsira ba, domin inbata ba ta karɓar wutar da ta yi ƙasa ko ta wuce ƙa'ida, batir ya kwana babu caji. Akwai kuma manyan gidajen da aka haɗa musu sola barkatai. Da tsakar rana rarar wutarsu na iya komawa kan layi ta ƙara masa ƙarfi, babu mai dubawa.

Mun je ofishin kamfanin wuta, mun rubuta, mun yi karo-karo, an ce mana ana zuwa. Takardar bil kuwa ba ta taɓa makara ba.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a turo injiniya ya auna wutar da rana da dare, a gyara nutural, a raba nauyin gidaje daidai kan layukan wuta uku na taransifoma, a duba haɗin solar nan. A ƙaro taransifoma, ranka ya daɗe, wannan ta gaji. Tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko, kuma Legas na da tata hukumar kula da lantarki, a kai kukanmu can, a yi maganar diyya. Injiniyan dai shi ne na gaggawa.

Allah ya ƙara wa Sarki imani.

Mu ne,
Talakawanka mazauna unguwa